CIWO DA KORA DA KUƊIN HAYA: HALIN MA'AIKACI MARAR LAFIYA A ƘASAR INGILA



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, wajen ƙarshen shekarar 2025 wani tsohon almajirina ya kira ni ta waya da dare daga ƙasar Ingila. A hannuna ya sauke Alƙur'ani, kana ya yi boko, abinci ya kai shi can yau wajen shekara goma sha biyar, har ya sami izinin zama na dindindin. Ba zan ambaci sunansa ba, sai mu kira shi Zaidu, kamar yadda malaman nahawu ke yi wa wanda su ke buga misali da shi. Shekara shida ya yi yana ɗaukar kaya a siton wani kamfani, sai ciwon baya ya kwantar da shi, wata huɗu bai fita aiki ba.

Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, a taimaka mini da addu'a. Kamfani sun aiko mini da wasiƙa, wai in zo a zauna a duba ko zan iya ci gaba da aiki. Na san kora ce. Gara in ajiye aikin da kaina tun ba a wulaƙanta ni ba. Ga kuɗin haya ya taho, abin da a ke ba ni kuwa bai kai rabinsa ba."

Na ce masa, "Ɗana, addu'a an yi, za a kuma ci gaba. Amma kada ka sa hannu a kan kowace takarda, kada kuma ka rubuta ta ajiye aiki, sai mun san abin da dokar ƙasar ta ce." Daga nan na sa waɗansu ɗalibaina masu jin Turanci suka zauna da ni kwana da kwanaki muna bin dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda a ke bin babin ciniki a littafin fiƙihu. Abin da muka fahimta shi na ga ya kamata in shimfiɗa a nan, gama da yawa daga cikinmu suna da ɗa ko ƙane ko abokin ciniki a can, mutum kuwa ba ya sanin ranar da za a kira shi da dare a nemi shawararsa.

FASALI NA FARKO: KUƊIN JINYA

Ka sani, ya ɗan'uwa mai karatu, ba tun fil'azal Turawan Ingila su ke biyan ma'aikaci in ya kwanta ciwo ba. A shekarar 1911 ne, zamanin da Lloyd George ke riƙe da baitulmalinsu, aka kafa dokar inshora ta ƙasa. A ƙarƙashinta lebura namiji ya kan ba da kwabo huɗu kowane mako, ubangidansa ya ba da taro, Gwamnati ta cika kwabo biyu, ya zama nai ke nan. In ciwo ya kama shi sai a riƙa ba shi sule goma a mako har mako 26, mace kuwa sule bakwai da sisi. A 1942 wani masani mai suna William Beveridge ya rubuta wa Gwamnati rahoto a kan yadda za a tsare talaka daga fatara da cuta, daga nan aka buɗe hukumar kiwon lafiya ta ƙasa a 1948, wadda ta sa mutum ya kan ga likita ba ya biya. Sa'an nan a 1983 aka ɗora wa masu kamfani nauyin biyan kuɗin jinya da hannunsu.

Ga yadda abin ya ke tafiya. In ciwo bai wuce kwana bakwai ba, shaidar bakin ma'aikaci ta isa. In ya wuce haka, tilas ya kawo takardar likita. Tun 2010 aka sake wa takardar nan fasali, ya zama likita yana iya rubuta ɗayan abu biyu: ko dai mutum ba zai iya aiki ba sam, ko kuwa zai iya in an sassauta masa, misali a rage masa sa'o'i, ko a ɗauke masa ɗaukar nauyi. Daga 2022 kuma aka yarda ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da masu gasa ƙashi na asibiti su ma su ba da ita. Wannan takarda ita ce jigon al'amarin duka. Ran da waccan ta ƙare, ran nan ya kamata sabuwa ta isa hannun manaja, domin kwanakin da ba su da takarda a kan lissafa su fashi ne ba da izini ba, hukuncin mai fashi kuwa dabam ya ke da na majinyaci.

Amma nawa ne kuɗin? A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, fam 118.75 ne a mako, iyakarsa kuma mako 28. In ka buga lissafi, wajen fam 515 ke nan a wata. Mai jin wannan daga nan gida sai ya juya shi zuwa naira ya ce ai dukiya ce. To, a shekarar 2025 matsakaicin kuɗin hayar gida a hannun 'yan kasuwa a Birtaniya ya haura fam 1,300 a wata. Ka ga ashe kuɗin jinya bai kai rabin haya ba, ba a yi zancen abinci da wutar ɗumama ɗaki a cikin sanyi ba. Akwai kamfanonin da ke ƙara wa ma'aikatansu a kan wannan bisa ga yarjejeniyar aiki, waɗansu har cikakken albashi na 'yan watanni, amma doka ba ta tilasta ba, kamfanin Zaidu kuwa bai ƙara ko kwabo ba.

Har ila yau, a dā ba a biyan kwana uku na farko, ba a kuma biyan wanda albashinsa bai kai fam 125 a mako ba. Dokar haƙƙin ma'aikata da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2025 ta tsara a kawar da waɗannan biyu daga Afrilu 2026, watau biya ya fara tun ranar farko, mai ƙaramin albashi kuma a ba shi kashi 80 cikin 100 na abin da ya saba samu, in hakan bai kai adadin da aka yanka ba.

FASALI NA BIYU: KO A NA KORAR MUTUM DON CIWO?

Mutane da yawa suna zaton muddin akwai takardar likita ba mai iya taɓa su. Wannan kuskure ne. Dokar ma'aikata ta 1996 ta lissafa dalilai biyar da za a iya sallamar mutum a kansu, ɗaya daga ciki kuwa shi ne rashin iya yin aikin, ciwo mai tsawo kuma yana shiga ciki. Sai dai tun 1971 aka hana kora ta zalunci, alƙalan kotun ma'aikata kuwa tun shari'o'in shekarun 1970 suka kafa tambayoyin da su ke yi wa ubangida. Shin ka zauna da ma'aikacin ka ji ta bakinsa? Shin ka nemi bayanin likita na yanzu a kan halin da ya ke ciki da lokacin da a ke sa ran zai warke? Shin ka duba ko akwai wani aiki mai sauƙi da zai iya? Shin kamfani irin naka ba zai iya ƙara haƙuri ya jira ba? Wanda ya tsallake waɗannan ya kori mutum da gaggawa, ya ba da ƙofa a kai shi ƙara, ko da ciwon gaskiya ne ya hana aiki.

Saboda haka wasiƙar da ta firgita Zaidu ba ita ce korar ba, mataki ne daga cikin matakan da doka ta sa kamfani ya bi, kuma nan ne wurin da zai faɗi tasa. A irin wannan zama a kan bar ma'aikaci ya zo da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko abokin aikinsa. In kamfani na son rahoto daga likitan da ke duba shi, sai da yardarsa, dokar 1988 kuma ta ba shi ikon ya ga rahoton kafin a aika. Ba kuwa dabara ba ce ya ƙi yarda, gama in ya ƙi, sai su yanke hukunci da abin da ke hannunsu.

Akwai sharaɗi guda mai nauyi. Tun 2012 ba a karɓar ƙarar kora ta zalunci sai daga wanda ya yi shekara biyu a wurin. Dokar 2025 ta rage wannan zuwa wata shida, Gwamnati kuma ta sa Janairu 2027 ya zama mafarinsa. Zaidu da shekararsa shida ya wuce wannan shinge.

Sa'an nan akwai wata doka ta 2010 wadda ta hana nuna bambanci, ita kuwa ba ruwanta da daɗewar mutum a aiki, ko jiya aka ɗauke shi tana kare shi. A ƙarƙashinta, ciwon da ya tauye mutum ƙwarai a harkokinsa na yau da kullum, ya kuma kai wata goma sha biyu ko a ke zaton zai kai, a na lissafa shi naƙasa. Ciwon daji da cutar ƙanjamau tun ran da likita ya tabbatar da su su ke shiga. Kada kalmar naƙasa ta ba mai karatu tsoro, ba kuturta ko makanta kaɗai a ke nufi ba. Ciwon baya mai daɗewa da ciwon damuwa mai tsanani duka suna iya shiga. Amfanin wannan shi ne, doka ta wajabta wa ubangida ya yi gyara gwargwadon hankali domin mutumin ya iya aiki: a sauya masa wurin tsayuwa, a rage masa sa'o'i, a bar shi ya komo kaɗan kaɗan. Wanda kunya ta sa ya ɓoye girman ciwonsa ya ce da manaja ba kome, shi ya rufe wa kansa wannan ƙofa, domin ba a kama ubangida da laifin abin da bai sani ba, ba kuma hanyar da zai sani.

In an kai ga sallama, akwai haƙƙoƙin da ke biyo baya. Wanda ya haura shekara biyu yana da notis na mako ɗaya a kan kowace shekara da ya yi, iyaka mako 12. Mai shekara shida, mako shida ke nan, sau da yawa kuma da cikakken albashi a ke biyan makonnin nan ko da kuɗin jinya ya ƙare. Hutun shekara, wanda ya ke kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, yana ci gaba da taruwa ko mutum na kwance, abin da bai ci ba kuwa a kan biya shi kuɗinsa. Yana kuma iya yin afil a cikin kamfanin. In zai kai ƙara kotun ma'aikata, sai ya fara bi ta wata hukumar sulhu mai suna Acas. Wa'adin kuwa gajere ne ƙwarai: a lokacin da Zaidu ya kira ni, wata uku ba kwana ɗaya daga ranar kora. Sabuwar doka ta tsara a mayar da shi wata shida, amma mai hankali ya riƙe na wata uku a ransa, zama jiran amsar afil ba ya tsayar da ƙidayar kwanaki.

To, yanzu ka ga abin da ya sa na hana shi ajiye aiki. Wanda ya fita da ƙafarsa ya yar da kuɗin notis, ya yar da sauran makonnin kuɗin jinya, ya kuma sa ƙararsa ta yi wuyar ci. Bayan wannan, ofishin tallafi na iya yanke wa wanda ya bar aiki ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba kuɗin abincinsa har kwana 91. I, ciwo dalili ne karɓaɓɓe, amma sai mutum ya tsaya ya kafa hujja, alhali da ya bari su suka sallame shi, takardarsu ita ce hujjarsa. Girman kai na sa'a guda kan jawo wa mutum wahalar watanni.

FASALI NA UKU: TALLAFIN HAYA

A shekarar 2012 Majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta haɗe tallafi iri shida ya zama ɗaya, aka fara aiki da shi a 2013. Sunansa Universal Credit, mu ce da shi tallafin bai-ɗaya. Tsohon tallafin haya da ƙananan hukumomi ke biya yana cikin waɗanda aka haɗe, ya rage galibi ga tsofaffi masu fansho da mazauna gidajen agaji. Abin da Zaidu bai sani ba, da yawa kuma ba su sani ba, shi ne ba sai an kori mutum zai nemi wannan tallafi ba. Yana kan aikinsa, yana karɓar kuɗin jinya, yana iya nema, sai dai a lissafa abin da ke shigo masa a rage. Ƙa'idar ragin tun ƙarshen 2021 ita ce kwabo 55 a kan kowane fam ɗaya da ya samu. Wata huɗu Zaidu ya yi yana cin ɗan abin da ya tara, yana kunyar zuwa ofis, ba a kuwa biyan watannin da suka wuce sai da uzuri mai ƙarfi, shi ma bai wuce wata ɗaya ba.

Tallafin kashi kashi ne. Akwai na ci da sha, wanda a 2025 ya ke fam 400.14 a wata ga gwauro ɗan shekara 25 zuwa sama. Akwai na 'ya'ya. Akwai na haya. Akwai kuma ƙari ga wanda aka gwada aka ga ciwo ya hana shi aiki da shirin aiki, fam 423.27 a wata a 2025, amma wata doka ta 2025 ta tsara a rage shi kusan rabi ga yawancin sababbin masu nema daga Afrilu 2026. Miji da mata tare su ke nema, a na haɗa samunsu. Wanda ajiyarsa ta haura fam 6,000 a kan rage masa, wanda tasa ta haura fam 16,000 kuwa ba shi da rabo. Ban da wannan akwai wani kuɗin rashin lafiya dabam ga wanda aka daɗe a na cire masa inshorar ƙasa daga albashi, wanda a ke nema idan mako 28 na kuɗin jinya sun ƙare, da wata takarda mai suna SSP1 da kamfani ke bayarwa.

Amma a wannan hanya akwai ramuka biyu da ya kamata a sani.

Na farko jira. Wata wata a ke biya, bayan wata ya cika, sa'an nan a ƙara kwana bakwai. Watau daga ran da ka nema zuwa ran da kuɗi zai shiga banki wajen mako biyar ne. Mai gidan haya kuwa ba ya cikin wannan yarjejeniya, ranarsa ya sani. Maganin da Gwamnati ta yi shi ne adibas: a ba ka bashi tun farko, a riƙa cirewa daga tallafinka har zuwa wata 24. Bashin nan ba shi da ruwa, abin da ka karɓa shi za ka mayar, don haka ba abin ƙyama a cikinsa. Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san adibas cin gobe ne a yau, watannin da ke tafe za su zo da ragi.

Na biyu giɓi. Ga mai haya a hannun 'yan kasuwa, ba a duban abin da ya ke biya, sai a dubi adadin da aka yanka wa yankinsa bisa ga yawan ɗakunan da iyalinsa suka cancanta. An kawo wannan tsari a 2008, daga 2011 kuma aka ɗaure shi a kan farashin gidaje 30 mafi araha cikin kowane 100 a yankin. Bayan haka sai Gwamnati ta riƙa daskarar da adadin alhali haya na hawa: an gyara shi a 2020, aka bar shi a nan har Afrilu 2024, aka sake gyarawa, a 2025 kuma aka sake barinsa inda ya ke. Sakamakon haka, mutane da yawa abin da a ke ba su bai cika hayarsu ba, sai su cire daga kuɗin abinci su cike. Gwauron da bai kai shekara 35 ba, galibi kuɗin ɗaki ɗaya a gidan tarayya a ke ba shi, ko da shi kaɗai ya kama gida. Mai zaune a gidan hukuma kuwa, tun 2013 in yana da ɗakin kwana ɗaya da ya fi bukatarsa a kan rage masa kashi 14 cikin 100, in biyu ne kashi 25. Wanda giɓi ya fi ƙarfinsa yana iya kai kuka ga ƙaramar hukumarsa, akwai asusun agaji na ɗan lokaci, amma wannan roƙo ne, suna iya bayarwa suna iya hanawa.

FASALI NA HUƊU: MAI GIDAN HAYA

Tsoron da ya fi hana Zaidu barci shi ne a watso masa kaya waje a cikin sanyi. A nan dokar ta fi tsanani a kan mai gida. Bisa ga dokar 1977 laifi ne a Ingila mai gida ya fitar da ɗan haya da ƙarfi ko ya sake makulli. Sai ya ba da notis a rubuce, ya je kotu, alƙali ya yi umarni, ma'aikatan kotu su zartar. Wanda ke zaune ɗaki ɗaya a cikin gidan da mai gidan kansa ke ciki, shi ne ba shi da wannan kariya cikakkiya. Dokar 1988 ta ba mai gida ikon ya tashi mutum da notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma ce in bashin haya ya kai na wata biyu tilas alƙali ya mayar masa da gidansa. Wata doka da aka sa wa hannu a Oktoba 2025 ta tsara a soke tashi ba dalili daga 1 ga Mayu 2026, a mayar da ma'aunin bashi wata uku, kada kuma a lissafa abin da jinkirin tallafi ne kaɗai ya hana biyansa. Har wa yau, bisa ga dokar 2017, wanda ya ga zai rasa muhalli cikin kwana 56 yana da haƙƙi ƙaramar hukuma ta tashi ta taimaka masa tun bai fita ba. Akwai kuma ƙungiyoyi masu ba da shawara kyauta, kamar Citizens Advice da aka kafa a 1939, da Shelter da aka kafa a 1966. Matambayi ba ya ɓata.

FASALI NA BIYAR: BAƘON DA BA SHI DA RABO

Duk abin da na faɗa game da tallafin haya ya shafi ɗan ƙasa ne da wanda ya sami zama na dindindin. Yawancin 'ya'yanmu da suka tafi da bizar karatu ko ta aiki, ciki har da ɗimbin 'yan Nijeriya da suka shiga aikin kula da tsofaffi bayan an buɗe ƙofarsa a 2022, an rubuta a izininsu cewa ba su da rabo a dukiyar jama'a. Irin wannan yana da kuɗin jinya, gama kamfani ke biya, dokokin kora da na naƙasa kuma suna kare shi. Amma tallafin bai-ɗaya da na haya an haramta masa, in ya karɓa ma ya saɓa sharaɗin zamansa. Abin da ya fi wannan ɗaci, wanda kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa, in aka sallame shi, galibi kwana 60 a ke ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar. Ciwo guda sai ya ci aiki, ya ci ɗaki, ya ci izinin zama. Iyayen da ke sayar da gona don ɗa ya tafi, su san hangen Dala ba shiga birni ba ne. In kuma ɗan ya yi wata biyu bai aiko ba, a tambayi lafiyarsa kafin a tambayi saƙo.

KAMMALAWA

Zaidu ya je zaman nan tare da wakilin ƙungiyarsu, da takardun likita a jere ba wadda ta ɓace. Ya faɗi gaskiyar ciwonsa, ya roƙi a ba shi aikin da ba ɗaukar nauyi. Bayan sun nemi rahoton likita, sai suka mayar da shi wurin ƙidayar kaya, rabin yini, da albashi gwargwadon haka. Ya nemi tallafi, ya karɓi adibas, ya kuma rubuta wa mai gidansa tun bashi bai wuce na wata ɗaya ba, suka shirya ya riƙa biya kaɗan kaɗan. Bayan nasa bai warke sarai ba, samunsa bai koma yadda ya ke dā ba, har yanzu kuma a na cire masa adibas. Amma yana cikin ɗakinsa, sunansa kuma yana cikin littafin kamfani.

Mu kuwa a nan Nijeriya, dokar ƙwadago kwana 12 na aiki kaɗai ta wajabta a biya lebura a shekara in ya kawo shaidar likita, haya kuma shekara guda mu ke karɓa a dunƙule, ba kuwa wani ofishin da ke biya wa majinyaci kuɗin ɗaki. Yaron shago da ɗan dako ma ba mai rubuta musu takarda. Ashe abin da Turawa suka ɗora wa baitulmali, a nan yana wuyan mai shago da mai gidan haya da dangi. Malamai sun san aya ta 280 a cikin Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. In yaronka ya kwanta, ka je ka gan shi, ka tambayi abin da zai iya, ka yanka masa lokaci sananne kafin ka sa wani a gurbinsa. In ɗan hayarka ya zo ya faɗa maka gaskiya tun da wuri, ka karɓa masa kaɗan kaɗan.

Ga mai ciwo kuwa, ko a can ko a nan, nasihata huɗu ce: kada ka ɓoye ciwonka ga wanda ka ke yi wa aiki, kada ka yar da takarda, kada ka ajiye aiki cikin fushi ko kunya, kada kuma ka bar neman haƙƙinka sai gobe.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya rufa mana asiri, ya sa mu gama da duniya lafiya. Haza wassalam.